Sai an kira ni nake sanin shafi ya faɗi, wa ya taɓa saka Sentry a Django?

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum 'yan guruf, don Allah shawara nake nema. Akwai manhajar rajista da nake kula da ita ta wata ƙungiyar gama kai ta manoma, da Django (tsarin gina shafukan intanet na Python) aka yi ta, saba ke haɗa shafin gaba ɗaya ta turo wa burauza, JavaScript ɗin ciki kaɗan ne. Mutum zai cike fom, suna, gari, lambar waya, BVN da NIN, sannan ya nemi bashin taki. To matsalar ita ce wani lokaci mutum na danna tura sai ya ga farin shafi da lambar kuskure 500, ni kuma ban san an yi ba sai sakataren ƙungiya ya bugo ya ce "abin naku ba ya yi", in ce wa ya gwada, da wace waya, me ya rubuta, babu amsa. In gwada da kaina ya wuce lafiya lau. Damina ta matso kuma duk wanda bai shiga ba ya rasa taki ke nan. Na ji ana maganar Sentry mai bibiyar kurakuran manhaja, wa ya taɓa sakawa, yana da amfani ko ƙarin kaya ne kawai?

Dattijon PHP:
Wa alaikumus salam. Yaro ina log ɗinka? Tun kafin a kafa waɗannan kamfanonin muke shiga saba mu buɗe fayil ɗin kuskure mu karanta kuma aiki na tafiya. Ka shiga ta ssh ka duba abin da aka rubuta a ranar. Ni ban ga dalilin da za ka kwashi sirrin manoma ka miƙa wa kamfanin waje ba.

Ɗan Zariya:
Baba na duba wlh. A log ɗin nginx ina ganin layin da ya ce 500 a kan shafin rajista, shi ke nan, babu bayanin layin kod ɗin da ya fashe. Na gunicorn kuma ba komai sai tashi da sauka.

Antin Django:
Ƙanena bari in tambaye ka, ka rubuta LOGGING a settings.py? Ka cike ADMINS?

Ɗan Zariya:
A'a Anti, yadda ya zo haka yake, DEBUG kawai na mayar False.

Antin Django:
To ga amsar nan. Mutane da yawa ba su san wannan ba, tsarin log da Django ke zuwa da shi yana buga kuskure a allo ne kawai in DEBUG na True. Da ka mayar da shi False, hanya ɗaya ta rage, imel zuwa ga waɗanda ke cikin ADMINS, in kuma babu kowa a ciki to bayanin ya tafi a iska, babu inda aka ajiye shi. Shi ya sa Baba ya ce ka duba log ka duba ba ka ga komai ba, ba a taɓa rubutawa ba ne tun farko.

Dattijon PHP:
Ai kin ga maganata ta fito Hajiya, gyaran layi goma ne. Ya rubuta LOGGING ya tura komai fayil, ya saka imel ɗinsa a ADMINS, an gama, ba sisi ba kwabo.

Antin Django:
LOGGING kam dole ya gyara Baba, wannan ba gardama, ko ya saka Sentry ko bai saka ba. Amma imel ɗin ADMINS ba zan ba shi shawara ya dogara da shi ba. Kowane kuskure imel ɗaya ne, ranar da rumbun bayanai ya tsaya na minti goma ana tsakiyar rajista akwatinsa zai cika da saƙo iri ɗaya, bayan sati biyu ya daina buɗewa. Kuma imel ɗin nan yana ɗauke da abin da mutum ya cike a fom, wato BVN ɗin da kake tsoron a kai waje zai je ya zauna a akwatin imel ɗinsa ne a fili sai in ya rufe wuraren da sensitive_post_parameters.

Ɗalibi:
Afuwan manya, ni ina koyo ne, mene ne bambancin wannan abin da log? Ba duk rubuta kuskure ba ne?

Malam Admin:
Tambaya mai kyau. Log yana jiranka ne ka zo, mai bibiyar kuskure shi ke zuwa ya same ka. In kod ya fashe, ɗan laburaren da ka saka zai tattara jerin layukan da buƙatar ta bi har inda ta tsaya, adireshin shafin, irin burauzar, tambayoyin da aka yi wa rumbun bayanai dab da faɗuwar, ya aika. A can kuma sai a haɗa masu kama da juna wuri ɗaya, maimakon saƙo 400 ka ga matsala ɗaya an rubuta ta faru sau 400, ga ranar da ta fara, ga sigar kod ɗin da ta zo da ita. Alat ɗaya za ka samu lokacin da sabuwa ta ɓullo, in ka gyara ka rufe ta kuma ta sake dawowa a sake sanar da kai. Aikawar ma a bayan fage ake yi, mai cike fom ba ya jiran ta.

Shi Sentry ɗin ma asalinsa daga Django ya fito, David Cramer ya fara shi a 2008 a matsayin ɗan ƙari mai ajiye kurakuran Django a rumbun bayanai, shi ya sa haɗa su ba wahala. Ɗan Zariya ka yi pip install sentry-sdk, a settings.py ka kira sentry_sdk.init ka ba shi dsn, wato adireshin da Sentry ke ba ka na aika kurakurai, kada ka rubuta dsn ɗin cikin kod ka ɗauko shi daga mahallin saba. Ka saka environment don na gwaji kada ya cakuɗe da na gaske, ka saka release da lambar komit ɗin git, wannan na biyun mutane na rainawa amma shi ke gaya maka "daga ɗorawar ranar Talata abin ya fara". Sai ka yi ɗan shafi mai raba 1 da 0 ka buɗe shi ka ga ya iso, sannan ka goge shafin.

Antin Django:
Malam ka tsaya kafin ya je ya kunna, ga inda ni nake da zafi. Za ka ga an ce send_default_pii a kashe yake sai hankalinka ya kwanta, to wannan yana hana tura irin adireshin IP da kukis da bayanin wanda ya shiga ne, bai hana sauran ba. Laburaren Python yana tura ƙimar abubuwan da ke cikin kowane fanshon a lokacin da ya fashe, kuma yana tura jikin fom ɗin in bai yi girma ba. Yana da jerin sunayen da yake gogewa da kansa, password, token, secret da ire-irensu, amma bai san wani abu bvn ko nin ba, namu ne na gida. In kana da cleaned_data a fanshon ɗin to duk abin da manomi ya rubuta ya tafi. Ka kashe include_local_variables, ka mayar da max_request_body_size never, ka ƙara sunayen filayenka a jerin gogewa, sannan ka rubuta before_send, fanshon da ke tace saƙo kafin a aika. Mutanen nan amana suka ba ƙungiya, wasu ma ɗansu ne ya cike musu, ba su san akwai wata saba a wata ƙasa ba.

Dattijon PHP:
Allah ya yi miki albarka, abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Kuma ba maganar amana kaɗai ba, akwai dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, akwai NDPC, hukumar kare bayanai ta Najeriya, dokar ta yi magana a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa. Ranar da abu ya ɓaci ba kamfanin za a fara nema ba, ƙungiyar za a nema, ita kuma ta nuna yaron nan.

Malam Admin:
Gaskiya ne Baba, amma in ya tace yadda Anti ta ce abin da zai fita sunan fayil ne da lambar layi da nau'in kuskure. Kuma in muka bi wannan ma'aunin, sabar tasa ma a ina take?

Ɗan Zariya:
A Jamus take Malam.

Dattijon PHP:
To wannan wata maganar ce da ya kamata shugabannin ƙungiyar su sani a rubuce, amma ba hujja ba ce ta ƙara wuri na biyu.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum, ni ina gefen Baba da rabi. Mu nan biyan kuɗin dala kowane wata ba ƙaramin aiki ba ne ga ƙaramar ƙungiya, tsarin kyauta na Sentry mutum ɗaya ne kuma kuskure 5,000 a wata, in kuna biyu ko uku sai kun biya. Ana iya girka Sentry a sabar mutum amma nauyi gare shi sosai, Kafka da ClickHouse da Postgres da Redis duk a ciki, su kansu sun ce a tanadi ram giga 16. Ni GlitchTip nake aiki da shi, kod ɗinsa a buɗe yake, da Django aka rubuta shi, kuma yana karɓar saƙo daga laburaren Sentry ɗin nan, dsn kawai za ka canza. Ƙaramar saba ta ishe shi, bayanan kuma suna hannunka.

Dattijon PHP:
Yauwa, wannan kam zan iya yarda da shi.

Malam Admin:
Yana da kyau amma sharaɗi ɗaya, kada a ajiye shi a sabar da manhajar take. Mai gadi ba ya kwana a ɗakin da aka ce ya tsare, in sabar ta mutu su biyun sun tafi tare ba mai sanar da kai. Kuma ya zama abu na biyu da za ka dinga sabuntawa kana share tsofaffin bayanai kafin faifai ya cika. Ga wanda yake shi kaɗai kamar Ɗan Zariya ana saura kwanaki a rufe rajista, ni na kyautan Sentry zan ce ya fara da shi yau, tunda laburare ɗaya ne in an huce sai ya koma GlitchTip in shugabanni sun fi so.

Mai Next:
Ku yi haƙuri na makara. Kun yi ta maganar saba amma rabin matsala a burauza take fa. Ni a Next.js nake, tsarin gina shafi da aka ɗora a kan laburaren JavaScript mai suna React, shafi ya fito daga saba lafiya sai React ya zo ɗaura kansa a kai ya ga abin da saba ta rubuta ya saɓa da nasa, misali lokaci, saba na kan UTC wayar mutum na gaba da awa 1, shi ke nan rikici. Kuma a shafin gaske Next yana ɓoye saƙon kuskuren saba ya ba burauza wata lamba kawai mai suna digest, in ba ka kama shi a ɓangaren saba ba ba za ka taɓa sanin me ya faru ba, sai a siga ta 15 suka kawo onRequestError don wannan. Ga kuma masu kunna fassarar Chrome, tana canza rubutun shafi a bayan idon React sai ka ga removeChild ya fashe. Ni shawarata ya saka na burauza ma.

Antin Django:
Duk gaskiya ne a duniyarka ƙanena amma shi ba React gare shi ba, fom ne na HTML. Zai ɗora wa manomi ƙarin JavaScript ya sauke da datarsa don ya kama kuskuren kod ɗin da bai kai layi 100 ba? 500 daga saba take zuwa, a can zai fara.

Na Maraɗi:
Kuma in ƙara, da yawan mutanen ƙauye Opera Mini suke buɗewa da ita, ita kuwa a yanayin matse data sabobin Opera ne ke sarrafa shafin kafin ya iso waya, JavaScript ba ya gudana yadda ka saba. Masu toshe talla su ma suna tare hanyar Sentry. Waɗanda saƙonsu zai iso kuma yawanci rezo, wato hanyar sadarwa, ne ya yanke musu, Failed to fetch, Failed to fetch, har kason watan ya ƙare a kan abin da ba za ka iya gyarawa ba.

Mai Next:
Ana tace su ai, akwai ignoreErrors, kuma ana iya bi da saƙon ta adireshinka don masu toshewa. Amma na yarda, ga nasa aikin ba shi ne na farko ba.

Malam Admin:
Maganar ƙarewar kaso ta tuna min, ko a saba akwai hayaniya. Masu laluben intanet za su dinga buga adireshin IP ɗinka kai tsaye, Django ya ce DisallowedHost, kowanne a ƙirga maka. Ka sa nginx ya kore su tun a ƙofa, ko ka yi ignore_logger a kan django.security.DisallowedHost. Sannan traces_sample_rate ka bar shi a kashe yanzu, auna sauri wani aiki ne daban.

Dattijon PHP:
Ku gaya masa abin da ba zai kama ba kuma, kada ya saka ya je ya kwanta. In ƙwaƙwalwar saba ta cika Linux ya kashe gunicorn da SIGKILL, ba wani laburare da zai samu damar yin magana, mutum zai ga 502 daga nginx kai kuma allonka fes. In satifiket ya ƙare haka. In aikin cron, wato wanda aka sa wa lokaci ya tashi da kansa, bai tashi ba sam, babu kuskuren da za a aiko tunda ba abin da ya gudana. Waɗannan sai mai leƙowa daga waje, irin UptimeRobot ko Uptime Kuma, da Healthchecks na cron. Sannan duk inda aka rubuta except aka bi shi da pass an binne kuskuren da hannu, sai ka bi ka tono.

Antin Django:
Wannan kam Baba ba abin da zan ƙara. Sai dai shafin 500 ɗin kansa, ka rubuta shi da Hausa, ka ce ba laifin mai cikewa ba ne, ka nuna masa lambar kuskuren ya karanta wa sakatare. Ka lura 500.html na Django ba a ba shi komai na bayani, sai ka rubuta handler500 naka ka miƙa masa last_event_id.

Ɗan Zariya:
Na gode ƙwarai, bari in je in yi, zan dawo da labari in sha Allah.

Ɗan Zariya:
Jama'a na dawo. Na gyara LOGGING, na saka na kyautan da duk tacewar da Anti ta lissafa, kuma kafin la'asar alat ya shigo. Ga abin da ya ce: 1366 Incorrect string value: '\xC6\x98an\xC6\x99...' for column 'gari'. Yana ta maimaituwa, wani lokaci a gari wani lokaci a suna. Me wannan ke nufi?

Antin Django:
Innalillahi, Ƙanƙara mutumin ya rubuta. C6 98 babbar Ƙ ce a UTF-8, sai a da n, sai C6 99 ƙaramar ƙ. Teburinka latin1 ne, ba shi da gurbin harufa masu lanƙwasa. MySQL nawa ne?

Ɗan Zariya:
5.7 ne, haka na gaji teburan daga tsohon shafin ƙungiyar.

Antin Django:
Shi ke nan. Kafin siga ta 8.0 latin1 ne tsohon zaɓin MySQL in ba ka faɗi komai ba, a 8.0 aka koma utf8mb4. Wato duk wanda ya rubuta Ɗanja ko Ƙaraye ko Ɗahiru daidai da allon rubutun Hausa an kore shi, wanda ya rubuta da k da d zalla ya wuce. Abin ya yi min ciwo wlh, wanda ya kula ya rubuta sunansa yadda yake shi ya rasa, kuma da wuya ya yi tunanin harafin ne, zai ce hanyar sadarwa ce ya sake gwadawa gobe ya sake faɗuwa.

Na Maraɗi:
Mu da ɗ take cikin sunan garinmu mun san wannan ciwon. Ka duba ƴ ma, mu nan da ita muke rubutawa inda ku kuke sa 'y.

Dattijon PHP:
To log ɗin da ka gyara ai shi ma ya nuna wannan saƙon ko?

Ɗan Zariya:
Ya nuna Baba, na duba yana nan. Sai dai ina kan hanya alat ɗin ya same ni a waya, kuma ya haɗa min su wuri ɗaya na ga ba mutum ɗaya ba ne.

Dattijon PHP:
Na ji, wannan ɓangaren na ba ku. Amma ku lura da abu ɗaya, duk tacewar da kuka yi ga farkon abin da mutum ya rubuta ya fita ta cikin saƙon kuskuren kansa. Yau sunan gari ne. Gobe wani ya yi rajista sau biyu MySQL ya ce 1062 Duplicate entry ya liƙa BVN ɗin gaba ɗaya a saƙon, ya tafi.

Antin Django:
Baba ya kama babban abu. Ɗan Zariya a before_send ɗinka kada ka tsaya a sunayen filaye, ka bi rubutun saƙon kuskure da na log ka maye gurbin duk lamba 11 a jere. Sa'ar da muka yi BVN 11 ce, NIN 11, lambar waya in an fara da 0 ita ma 11, ka ƙara mai farawa da 234 daban. Ka gwada da ƙirƙirarriyar lamba ka buɗe allon ka gani da idonka ta goge kafin ka yarda.

Ɗalibi:
To yanzu tunda an goge komai ta yaya zai san waɗanda suka faɗi ya kira su?

Malam Admin:
Ba zai sani daga can ba, kuma haka ya kamata. Ga wanda ya riga ya shiga ana tura lambarsa ta cikin rumbu kawai da set_user, ba suna ba waya, in ana buƙata a dubo a gida. Waɗannan kuwa ba su kai ga samun lamba ba, sai dai sakatare ya sanar ta wakilan gundumomi cewa duk wanda ya ga farin shafi ya sake cikewa.

Gyaran kuma ALTER TABLE da CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4 ne a kowane teburi, sannan a DATABASES ka saka charset utf8mb4 cikin OPTIONS. Tsofaffin tebura masu tsarin COMPACT suna da iyakar bayit 767 a fihirisa, filin da ke da haruffa 255 zai ƙi, sai ka mayar da teburin DYNAMIC ko ka rage zuwa 191. Kuma 5.7 ta daina samun gyaran tsaro tun Oktoban 2023, in an gama rajista ka shirya ƙaura.

Dattijon PHP:
mysqldump tukuna kafin ka taɓa komai, kuma a kan kwafi za ka fara. Ka duba ko tsohon shafin ya taɓa cusa UTF-8 cikin latin1 ɗin, in akwai sunaye masu tarkacen alamomi juyawar za ta daskarar da su a haka, sai an ware su an gyara daban.

Ɗan Zariya:
To Baba, da daddare zan yi a kan kwafi. Na riga na yi wa sakatare magana, ya ce zai kai wa shugaba batun ƙara kwanakin rajista. Tambaya ɗaya ta rage, in an gyara wasu za su shiga da Ƙanƙara wasu da Kankara, in sakatare ya nemo 'yan gari ɗaya zai same su duka?

Antin Django:
Kada ka dogara da hakan, ƙ da k lambobinsu daban ne. Gari kam ka mayar da shi jerin zaɓi a daina rubutawa da hannu. Suna kuma ka bar shi yadda mai shi ya rubuta, ka ƙara fili na biyu na nema kawai inda ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ƴ ta koma y, abin da sakatare ya buga ma a bi da shi ta nan. In ka rubuta ka turo nan mu duba kafin ka ɗora.